Murhun Kaka da Senti Bakwai na Alabama

Portland, Oregon
Afrilu, 1981

Kawu Cleophus,

Gaisuwa mai tarin yawa gare ka da Anti Zenobia da duk mutanen gida. Ina fatan gwiwar nan taka ta daina yi maka tsiya. Mu nan lafiya lau muke, sai ruwan sama da ba ya gajiya. Mama tana nan da ƙarfinta da kuma bakinta. Mijina Wendell kuwa har yanzu masana'antar katako ba ta sake kiransu ba, yana gida yana ta gyaran abubuwan da ba su lalace ba.

Ga takardar kuɗi ta gidan waya nan a ciki, dala ɗari huɗu da ashirin da tara cif, kamar yadda aka buga a tallar jaridar da ka yanko mana. Mama ce ta ba da fiye da rabi, ni da Wendell muka cika. Don Allah ka je kantin Gaddis ka sayo murhun gas ɗin nan fari, mai baki huɗu da gidan gashi, ka ɓoye shi a wurinka sai Lahadin ƙarshen Yuni, ranar da Kaka Ozella za ta cika tamanin. Tun da ka rubuto cewa ta ƙona hannu a tsohon murhun itacen nan, Mama ba ta sake samun barcin kirki ba. Kada ka buga waya a kan maganar. Na san layinku na haɗin gwiwa ne da maƙwabta, kafin ka ajiye kan wayar Misis Purifoy ta kai wa Kaka labari.

Na san abin da za ka ce, don kullum shi kake faɗa: ba murhu Kaka ke so ba, 'yarta take son gani. Na yi wa Mama maganar har na gaji. Cewa ta yi kusan shekara talatin ba ta taka Alabama ba, kuma ƙafarta ba ta taɓa yi mata ƙorafi ba. Ban fid da rai ba, amma a yanzu murhun ne abin da ke hannunmu.

'Yarka,
Lavonne

*

Tolliver, Alabama
Afrilu, 1981

'Yata Lavonne,

Saƙonki ya iso, mun gode Ubangiji da jin kuna lafiya. Gwiwa tana nan, ni da ita mun saba, in za a yi ruwa ita ke fara gaya mini kafin rediyo. Zenobia na gaishe ki. Kakarki hannun ya warke, sai tabo. Jiya ma na same ta tana faɗa da kaji.

To, na buɗe ambulan, na ga ɗari huɗu da ashirin da tara. Na zazzage shi, na hura cikinsa, na ɗaga shi a rana ina leƙawa ko sauran sun maƙale. Zenobia ta ce, "Me kake nema haka kamar wanda ya yar da haƙori?" Na ce kuɗin haraji. Ta ce, "Kai ma dai, ai mutanen can ba sa biyan harajin saye." Na ce ƙarya ne, babu inda gwamnati za ta ga mutum ya ciro walat ta kau da kai. Muka yi ta musu har abinci ya huce. Sai da na tambayi fasto, wanda ya yi soja a can wajenku, ya ce gaskiyarta. Kin ja mini faɗuwa a gaban matata, kuma ba za ta bar ni in manta ba.

Laifina ne da ban gaya miki ba, amma ban taɓa tsammanin abin faɗa ba ne. A nan abin da aka rubuta a jikin kaya gaisuwa ce kawai, ainihin maganar sai an je gaban na'urar kuɗi. Na je na ga murhun, kyakkyawa ne, har kunya na ji in taɓa shi da hannun gona. Ɗan Gaddis ya manna masa sunana, ya ce zai riƙe mana shi zuwa tsakiyar Yuni. Ku dai ƙaro na haraji in je in ɗauko.

Da yamma kakarki takan zauna a barandarta tana kallon hanya. In motar gidan waya ta wuce sai ta ce, "Cleophus, babu komai daga Earline?" Ina gaya miki ne kawai, ban ce ki yi komai ba.

Kawunki,
Cleophus Tarver

*

Portland
Mayu, 1981

Kawu,

Ina gaisuwa, ina kuma dariya. Ka ba Anti Zenobia haƙuri a madadina, ko kuma ita ta ba ka. Gaskiya ne, tun da aka haife ni a garin nan ban taɓa biyan ko senti a kan abin da aka rubuta ba. In riga dala tara ce, dala tara zan ajiye in fita abina. Na taɓa ji ana cewa 'yan jihar Washington, maƙwabciyarmu, na tsallako kogi su yi sayayya a wurinmu, na ɗauka kantunanmu ne suka fi kyau.

Ban so in sake damunka da tambaya ba, sai na biya ɗakin karatu bayan na tashi daga asibiti. Matar wurin ta ɗauko mini wani ƙaton littafi, muka duba: Alabama, huɗu bisa ɗari. Na buga a takarda, na sake bugawa, ya ba ni dala goma sha bakwai da senti goma sha shida. Ga su nan, har da senti goma sha shidan, don kada ka sake hura ambulan.

Abu ɗaya nake roƙo. Daga aljihuna na ciro wannan, Mama ba ta sani ba, kuma ba na so ta sani. Ka fi ni sanin yadda take da sunan Alabama. Ka ɗauko murhu kawai, mu rufe maganar.

Ka shafa mini hannun Kaka.
Lavonne

*

Tolliver
Mayu, 1981

'Yata,

Muna lafiya, masara ta fito, tumatir kuma tsutsa ta riga mu. Ina fatan aikin asibiti da sauƙi.

Yarinya, littafinku bai yi ƙarya ba, rabin gaskiya ya faɗa. Kin sallami jiha, to gunduma fa? Gari fa? Kina tsammani fitilun kan titin Tolliver da addu'a suke kamawa? A nan hannu uku ake miƙo miki lokaci guda. Jiha huɗu, gunduma ɗaya, gari biyu. Ki haɗa su tukuna kafin ki fara lissafi, bakwai ke nan, wato senti bakwai a kan kowace dala. Kuma ba murhu kaɗai ba, har garin masara da madara da sabulu.

Bari in koya miki yadda muke yi a tsaye, ba biro ba takarda, don a nan wanda bai iya ba shi ne ake mayar wa da gwangwanin wake kan kanta mutane na kallo. Ki fara cika farashin ya zama ɗari huɗu da talatin, don kada kanki ya yi ciwo. Kowace dala goma tana jawo senti saba'in a bayanta. Goma-goma nawa ne a ciki? Arba'in da uku. Arba'in na farko su ba ki dala ashirin da takwas, ukun su ba ki biyu da ɗan wani abu. Talatin ke nan da 'yan senti. Kullum ki cika sama, kada ki rage ƙasa, gara a ba ki canji da a tsaya ana jiranki kina lalube a jaka. Kin aiko sha bakwai, saura sha uku, abin da ya yi saura in sha lemo.

Zenobia ta ce in gaya miki akwai wani kanti bayan gada, an fita daga garin amma ba a yi nisa ba, inda gari ke karɓar rabin nasa kawai. Can senti shida ne, za a rage dala huɗu da ɗoriya. Na je na duba. Murhu kore kaɗai gare su, irin koren da ke sa mutum ya ƙoshi kafin a dafa, kuma hanyar ta ci mini taya bara. Na ce a bar wa gari dalarsa huɗu.

Kada ki damu, bakina a rufe yake. Amma ina nan ina dariya ni kaɗai. Da taubashiyata Earline za ta san Alabama na shirin lashe dala talatin a kan kyautarta, da daga nan za mu jiyo ihunta.

Kawunki,
Cleophus

*

Tolliver
Farkon Yuni, 1981

Lavonne,

Lafiya dai? Shiru ya yi yawa. Ɗan Gaddis ya tare ni a coci yana tambaya, na ce ya ƙara haƙuri. In dala goma sha ukun ne suka yi nauyi saboda zaman Wendell, ki faɗa, ni ma jikan gidan ne, zan cika. In kuma wasan da na yi ne ya ɓata miki rai, ki yafe wa tsoho. Ki dai rubuto ko layi biyu.

Cleophus

*

Portland
Yuni, 1981

Kawu,

Muna lafiya, kuma ba ka ɓata mini rai ba, amma ka ƙona ni. Ranar da wasiƙarka ta lissafin haraji ta iso ina aiki, Mama ce ta ɗauko saƙo. Ta ga hannunka a bayan ambulan, ta ce ai Cleophus nata ne tun kafin a haife ni, ta buɗe abinta. Na dawo na same ta zaune a kicin da tabarau a hanci.

"Lavonne, zo nan. Wace dala talatin ce wannan?"

"Mama, haraji ne kawai. Kowa na biya."

"Kowa ban da ni."

Kai ka san labarin, tunda kai ka kai su tashar jirgin ƙasa, amma ni sai ranar na ji shi daga farko har ƙarshe. Yadda ita da marigayi Baba suka yi ta tara kuɗin wanki da na ƙwai don su biya harajin zaɓe, wanda aka ɗora don a hana baƙar fata jefa ƙuri'a, har da na shekarun baya. Yadda mutumin da ke kan teburin ya karɓe kuɗin tsaf, sannan ya yi musu tambayoyin da shi kansa bai san amsarsu ba, ya ce sun faɗi. Yadda aka kori Baba daga aiki a makon, don kawai ya nemi yin zaɓe. Ta ce a tashar ta rantse Alabama ba za ta sake ganin sentinta ba har ta mutu. Kawu, na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba.

Na ce to ni zan biya, ko Kawu ya biya. Ta ce, "Kyautata ce. Ko wa ya miƙa, da sunana za su ci." Don haka ka maido mana kuɗin, ka ba ɗan Gaddis haƙuri. Mun riga mun sayi irinsa sak a nan, ɗari huɗu da ashirin da tara, babu ko senti a kai, Mama har da juyi a gaban mai kantin.

Saura kai shi. Kamfanin dakon kaya ya nemi fiye da dala ɗari. Sai Wendell, wanda zaman gida ya ishe shi, ya ce ai yana da a-kori-kura kuma yana da lokaci. Na zauna na yi lissafin man zuwa da dawowa irin yadda ka koya mini, ina cikawa sama, na ga ya fi kuɗin murhun kansa. Na ce, "Mama, za mu ƙona ɗari biyar don mu tsere wa talatin?" Ta ce, "Ɗari biyar ɗin ba Alabama za ta ci ba." Kuma ka riƙe kujerarka da kyau: Mama za ta shiga motar. Ta ce ba za ta bar Wendell shi kaɗai da sabon murhu ba, mutumin da ya karya mata tukunyar fure da tsani.

Ni ba zan samu hutu ba, su biyu za su taho. Wendell ya riga ya fara addu'a.

Sai dai ga inda maganar ta tsaya. Ba za ta shigo Alabama ba. Ta ce iyakarta gidan man ƙarshe na ɓangaren Mississippi, a kan hanyar da ke zuwa Tolliver. Ka same su can ranar Juma'a kafin bikin, da rana, ku sauya wa murhun mota, ita kuma ta juyo. Na roƙe ta har muryata ta dushe. Kada ka gaya wa Kaka komai, gara kada ta san 'yarta ta zo kusa haka ta koma.

Lavonne

*

Tolliver
Yuni, 1981

'Yata,

Gaisuwa a gurguje, don na yi ɓarna. Ga kuɗinku nan, amma ba shi ne maganar ba.

A baranda na buɗe wasiƙarki ina karanta wa Zenobia da ƙarfi. Da na zo inda kika ce Earline za ta shiga motar, sai na miƙe na kurma ihu, gwiwar ma ta manta tana ciwo. Zenobia ta yar da tsintsiya ta tsallake shinge sai gidan kakarki. Ni kuma na bi bayanta da takardar a hannu ban ƙarasa ba. Sai da muka gama murna, Misis Purifoy ta zo ta taya mu, na dawo gida na zauna in sake jin daɗin wasiƙar, sannan idona ya sauka a kan sauran.

Lavonne, kakarki ta sa an fitar da katifar ɗakin Earline an shanya. Ta sa ni na yi wa baranda fenti. Ta ware kaji uku ta ce kada kowa ya taɓa su. Jiya na ji tana waƙar coci a bayan gida, rabon da in ji haka tun mijinta na da rai. Na je sau biyu da niyyar in gaya mata gaskiya, sau biyun na dawo da ita a bakina.

Ki nuna wa Earline wannan takardar. Ki ce in ji ni, ta zage ni yadda take so, na cancanta, amma kada ta yi wa tsohuwar nan haka. Tafiyar awa ɗaya ce kawai daga gidan man zuwa ƙofar uwarta.

Cleophus

*

Portland
Yuni, 1981

Kawu,

Wasiƙarka ta iso bayan sun tashi. Ba ni da hanyar da zan same su, sai dai in Wendell ya kira. Ya kira sau ɗaya daga Nebraska, Mama na tsaye a kansa tana cewa kuɗin waya na tafiya, na fara maganar ke nan ta karɓe ta ce, "Murhu lafiya, mu ma lafiya," ta kashe.

Abin da na samu na ji kafin nan shi ne, tun daga Idaho take faɗa da masu kanti. An ce mata kofi da burodi kaza, ta ajiye kaza, aka ce saura. Yanzu wai duk garin da suka tsaya sai ta tambayi na jiha nawa, na gari nawa, ta haɗa, ta faɗi jimla kafin na'ura ta faɗa. Wendell ya ce da dabararka take yi, ta goma-goma, amma ta ce in ya gaya maka sai ta sauke shi a hanya.

Kawu, babu wata dabara da ta rage. Ka gaya wa Kaka gaskiya kafin Juma'a. Gara ta ji daga bakinka da ta zauna a baranda ta ga motarka ta dawo da murhu kaɗai. Ina jin tsoro ƙwarai, ka rubuto mini duk yadda aka yi.

Lavonne

*

Tolliver
Ƙarshen Yuni, 1981

'Yata Lavonne,

Kowa lafiya, har da mijinki, ko da yake ya rame. Zauna ki karanta a hankali, kada ki yi irin tawa.

Ranar Juma'a da safe na je na sami kakarki tana ɓarar wake, na gaya mata komai ina kallon ƙasa. Ta ci gaba da ɓara har ta gama kwanon. Sannan ta ce, "Nan da iyakar akwai nisa?" Na ce awa ɗaya. Ta ce, "Ɗauko mini hular coci." Na ce Gwaggo, zafi ake yi, kuma ba ki taɓa fita jihar nan ba. Ta ce, "To yau zan ga ko ƙasar Mississippi daban take."

Mun same su a gidan man. Murhu na bayan mota an naɗe shi da barguna kamar mai zazzaɓi, Wendell na kwance a ƙarƙashin bishiya, Earline na zaune a kan benci ta harɗe hannu, ta shirya mini faɗa. Ta buɗe baki ke nan sai ta ga wadda nake fitarwa daga mota. Lavonne, uwarki da ba ta tsoron kowa, sai ga ta ta kasa tashi. Kakarki ce ta taka har gabanta da sandarta, ta kama fuskarta da hannu biyu tana shafawa, don idon ba ya gani sosai. Suka rungume juna suna kuka, ni ma na yi, Wendell ma ya yi, mai gidan man ya shige ciki ya ba mu wuri.

Da aka natsa sai kakarki ta ce, "To, na gan ki. Kin yi ƙiba. Shiga mota mu tafi gida."

"Inna, kin san rantsuwata."

"Na sani. Har tasha na raka ki, da kunnena na ji."

"To kin ga ba zan iya ba."

"Earline, ni da na zauna fa? Kullum ina biyansu, a kan gari, a kan sukari, a kan zaren da nake ɗinke miki bargon da nake aiko miki. Kina tsammani sonsu nake yi? Shekara talatin kina hana su senti, ko sun sani? Ko ɗaya a cikinsu bai rasa barci ba. Ni kika hana."

Uwarki ta juya ta kalli hanya. Can sai ta share fuska ta ce, "Wendell, tashi. Akwai kantin abinci a garin nan?" Ta shiga ta sayi gari, shinkafa, sukari, mai, kofi, sabulu, har da ashana, ta sa aka cika tankin mota har yana zuba, duk don kada ta sayi komai a ɓangarenmu. Ta biya wa Mississippi harajinta ba ko gardama, kuma ta faɗi jimlar kafin yarinyar ta buga. Na ce, "Taubashiya, wa ya koya miki lissafi haka?" Ta ce, "Rufe mini baki, mai karatun rabin wasiƙa." Da muka zo allon iyaka ta rufe ido, kakarki na riƙe da hannunta, Wendell kuma ya danna ham tun daga nan har gada.

Biki ya yi kyau. Coci ta cika, kajin nan uku sun riga mu gidan gaskiya, an soya tarwaɗa, an yi burodin masara. Amma duk a tsohon murhun itace aka dafa, kuma uwarki ce ta dafa tana zufa tana zagina. Ashe murhunku an yi shi ne don gas ɗin bututu irin na birni, mu kuwa na tanki muke amfani da shi. Sai an sauya masa wasu 'yan ƙananan kawuna, kuma a kantin Gaddis ake sayar da su, dala shida. Na ɗauki hula zan je, kakarki ta hana. Ta ce kyautar Earline ce, ita za ta ƙarasa abinta, in kuma ba za ta iya ba a bar shi haka. Yanzu yana nan a kicin an shimfiɗa masa kyalle an ɗora fure.

Wendell zai kamo hanya ranar Laraba. Ko shi kaɗai ko su biyu, ban sani ba, kuma wannan karon ba zan faɗi abin da ban karanta ba.

Kawunki,
Cleophus

*

Tolliver
Yuli, 1981

Lavonne,

Ina lafiya. Ina fatan kina cin abinci kuma kina ba furannina ruwa. Wendell yaron kirki ne, kada ki gaya masa na faɗa.

Na san Cleophus ya riga ya kai miki komai har da ƙari, don haka zan taƙaita. Ranar Talata na je kantin Gaddis. Da ƙafa na je, ni kaɗai, ta ƙofar gaba, wadda a da ake hana baƙar fata bi. Na ɗauki kawunan na ajiye a gaban yarinyar, jikar Purifoy ce, hancin gidansu ne. Kafin ta buɗe baki na ce shida da senti arba'in da biyu. Na ba ta dala shidan, sannan na ƙirga sentin daban na ajiye a kan katako. Babanki na tuna, kuma ya yi mini ciwo, ba zan ce bai yi ba. Yarinyar ta ce in dawo lafiya, ba ta san komai ba, na fito.

Murhu ya kama. Inna ta sa na kunna na kashe ya fi sau goma tana dariya, wai wuta ba hayaƙi. Na yi mata miyar kaza ta cinye kwano biyu. Lavonne, ta fi yadda suke rubuto mana tsufa. Da na taimaka mata ta sa riga, duk ƙashi na ji. Ba ta ganin lambobin jikin murhun, kuma ba zan bar ta ta riƙa laluben wuta ba.

Don haka Wendell zai iso shi kaɗai. Ki aiko mini da rigunan cocina, da takalmin nan baƙi, da maganin hawan jini na cikin durowa. Kada ki tambaye ni yaushe zan dawo, ban sani ba.

Garin da na sayo a Mississippi ya ƙare jiya, mutanen Cleophus ci gare su. Gobe zan shiga gari cefane. Inna ta ce in jira ta ta sa hula, tare za mu je, tana so ta bi kanti-kanti ta nuna wa mutane 'yarta.

Uwarki,
Earline